MALAM ABDULLAHI ƊAN FODIYO, WAZIRIN DA YA ƘI ZALUNCI

Mai tafiya daga Sakkwato zuwa Jega ya kan ratsa ƙasar Boɗinga, sa'an nan ya shiga ƙasar Shagari. Mutanen wannan yanki, da na Lambara da na Sifawa da ƙauyukan da ke kewaye, sun san sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo tun suna yara, gama a Boɗinga ya zauna shekaru da dama, yana karantarwa, yana rubuta littattafai, yana sauraron ƙararraki. A sauran wurare an fi sanin wansa, Shehu Usmanu, da ɗan wansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma in ana zancen yadda ya kamata mai mulki ya riƙe talakawansa, da yadda alƙali zai bi da wanda a ke tuhuma, a cikin su ukun nan ba wanda ya kai Malam Abdullahi tsanani. A wannan wata za mu ba da labarinsa, domin masu karatu su ga abin da ya nema, da abin da ya samu, da abin da ya gagare shi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi wajen shekara ta 1766 a ƙasar Gobir. Shi Bafillace ne na zuriyar Toronkawa, gidansu kuwa gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Sunan ubansa Muhammadu Fodiyo, uwarsa Hauwa. Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya fara karatun Alƙur'ani a wurin ubansa, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun wansa. Tun daga ran nan kusan ba su rabu ba. Inda Shehu ya sa ƙafa nan Abdullahi ya ke sawa.

Ya yi karatu kuma a wurin kawunnansa da waɗansu manyan malamai na zamanin, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya karantar da Shehu. Daga baya ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'ul Nusukhi, inda ya jera sunayen malamansa da abin da ya koya a wurin kowannensu. A Larabci kuwa, da nahawu, da tsara waƙa, mutanen zamaninsa sun shaida ba shi da na biyu a ƙasashen nan.

Sa'ad da Shehu ya shiga yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, Abdullahi yana tare da shi. A Zamfara suka yi kimanin shekara biyar. A can ne wani malami, Mustafa Goni, ya zarge su don suna barin mata su zo wurin wa'azi. Shehu ya ce wa ƙanensa ya ba da amsa. Amsar da ya bayar ita ce, barin mata cikin jahilci ya fi zuwansu wurin karatu muni. Tun yana saurayi ke nan an ga inda zuciyarsa ta karkata, watau wajen wanda aka danne wa hakki.

Abin da talakawa su ke sha

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san halin da ƙasa ta ke ciki. Littafin nan Kitabul Farƙi, wanda a ke dangantawa ga Shehu, ya lissafta abubuwan da jama'arsu su ke kuka da su a kan sarakunan zamanin. Akwai jangali da kuɗin gari da kuɗin salla. Akwai gaisuwa, watau mai ƙara ba ya ganin sarki sai da abu a hannu. Akwai kamuwa, watau a kama jakin mutum ko takarkarinsa a ɗora wa kayan sarki ba da yardarsa ba, in dabbar ta ɓace kuwa shi ke nan. Akwai tawasa da a ke karɓa a wurin mahauta a kasuwa. In baƙo ya mutu a gari sai a kwashe dukiyarsa a ce gado ne na sarki. A wajen shari'a kuma, mai dukiya ya kan fanshi kansa, matalauci ya sha hukunci. Alƙali ya kan karɓi toshiyar baki, ya juya gaskiya ta koma ƙarya.

Lalle wannan lissafi daga bakin abokan gāban sarakunan ya fito, saboda haka sai a karanta shi da lura. Duk da haka ya nuna mana abin da Abdullahi ya tashi yana ji, da abin da ya sa rai za a kawar.

Taron Magami

Wajen shekara ta 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Babbar Salla, ya raba musu kyautai. Shehu ya zo tare da Abdullahi da almajiransu. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka miƙa masa. Maimakon dukiya ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya yarda da su duka.

Mai karatu ya lura, biyu daga cikin biyar ɗin nan ba su shafi malamai kaɗai ba. Sun shafi ɗaurarru da masu biyan haraji. Abdullahi yana da shekara ashirin da 'yan kai sa'ad da ya ga malami ya tsaya gaban sarkin da kowa ke tsoro, ya ture kyauta, ya nemi a buɗe kurkuku. Duk abin da ya rubuta daga baya a kan kyautar masu mulki yana da ƙanshin wannan rana.

Hijira da yaƙi

Bayan Bawa al'amura suka ɓaci. Sarki Nafata ya kafa dokoki na takura jama'ar Shehu. A zamanin ɗansa Yunfa, wajen ƙarshen 1803, mayaƙan Gobir suka fāɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, wanda ya ke Ba'are ne almajirin Shehu. Suka kama mutane, suka biyo da su a ɗaure ta kusa da Ɗegel. Mutanen Ɗegel suka fita suka kwance su. Daga nan ba sauran zaman lafiya. A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne kuwa ya fara miƙa hannu. Shi ya zama waziri.

A watan Yuni na 1804 aka gwabza a Tafkin Kwatto. Abdullahi ne ya ja rundunar, suka kori Yunfa da dawakinsa. Amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka kashe kimanin mutum 2,000, a cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kabi, jama'a kuma suka kafa sansani a Gwandu. A shekaran nan ne kuma aka sake yi musu ɓarna a Alwasa.

Waɗanda suka mutu a wuraren nan, da yawansu malamai ne da almajirai, abokan karatun Abdullahi. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa, da yawa ganima ce ta kawo su. A kan hanyar Alwasa mayaƙa suka washe wani gari da ke da amana da jama'a. Abdullahi da Bello suka yi ƙoƙarin hana su, ba su ji ba. Abdullahi ya ɗauka cewa kāshin da aka sha a Alwasa sakamakon wannan cin amana ne.

Ya juya wa runduna baya

Abin ya yi ta cinsa a rai. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya gama a 1813, ya bayyana abin da ya gani a tsakanin mutanensa. Ya ga masu neman sarauta da mulkin garuruwa. Ya ga masu tara ƙwaraƙwarai da riguna masu tsada da dawakin ƙawa. Ya ga masu cin dukiyar marayu da masu karɓar rashawa. Ya ga masu sayar da 'ya'ya a kasuwa kamar bayi. Ya ga waɗanda suka naɗa rawanin alƙalci alhali ba gaskiya a zuciyarsu. A taƙaice, ya ga abin da aka tashi kawarwa ya komo ta ƙofar baya, sai dai ya sake riga.

Wajen 1807, ana cikin tafiya za a kai wa Alƙalawa yaƙi, sai wazirin ya sulale ya bar runduna. Shi da abokansa biyar suka shiga daji, suka nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, a ƙarshe suka iso Kano.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne na biyu a daula, ƙanen shugaba, gwarzon Tafkin Kwatto. Da ya yi shiru, da ba abin da zai nema ya rasa. Sau da yawa mutum ya kan ga laifin abokin gābansa sarai, amma na 'yan gidansu sai ya kau da kai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Malam Abdullahi ya hango na Gobirawa, ya kuma duba wanda ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya rubuta shi da hannunsa don na baya su karanta.

Hasken Mahukunta

A lokacin Kano tana hannun jama'ar Shehu, Malam Sulaimanu ne sarki. Mutanen Kano suka hana Abdullahi wucewa, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda a ke mulki. Ya ce musu abin da ya gani a wurinsu shi ne abin da ya gudo ya bari a gida. Duk da haka ya zauna. Ya karanta musu tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin da ya fi kowane nasa suna a sha'anin mulki, Liya'ul Hukkami, watau Hasken Mahukunta. Ya ba da labari cewa har tamburan sarauta suka farfasa, suka mai da itacensu akushin ba dawaki abinci.

A cikin littafin ya dogara ƙwarai ga nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa tun wajen ƙarshen ƙarni na 15. Ga kaɗan daga cikin abin da ya koyar.

Na ɗaya, sarauta amana ce, ba dukiyar gado ba ce. Masu ilimi da dattawan jama'a su ne za su zaɓi wanda ya cancanta, shi kuwa tilas ya yi mulki da shawara.

Na biyu, kada mai mulki ya ɓuya wa talakawansa. Ya zauna kowace rana inda mai rauni zai iya kai wa gare shi, har mata da yara, gama fadawa da masu tsaron ƙofa su ne su kan zama katanga tsakanin sarki da mai kuka.

Na uku, a san abin da mutum ya mallaka kafin a naɗa shi hakimi ko ma'aikaci, a kuma riƙa bin sawunsa. In an ga dukiyarsa ta haɓaka fiye da abin da a ke ba shi, a karɓe rarar a mayar baitulmali. In kuka ya yi yawa a kansa, a tuɓe shi.

Na huɗu, kyautar da a ke kai wa hakimi ko alƙali saboda muƙaminsa haramun ce, ko da an kira ta gaisuwa. Tarar da a ke ci don a cika aljihun mai mulki ita ma zalunci ce.

Na biyar, a zaɓi alƙali don iliminsa da tsoron Allah, a ba shi abin da zai ishe shi daga baitulmali don kada ya sa ido ga hannun masu ƙara. A gabansa babba da ƙarami ɗaya ne. Ban da alƙali kuma, a sa mai duba ƙarar zalunci, wanda aikinsa shi ne sauraron kukan talaka a kan masu iko, irin waɗanda alƙali ba ya iya tanƙwarawa.

Yadda za a bi da wanda a ke tuhuma

Malam Abdullahi ya yi magana a kan laifuffuka a cikin wannan littafi, daga baya kuma ya ƙara bayani a wani mai suna Liya'us Siyasati. Ya bi sawun malaman Malikiyya irin su Ibnu Farhuna, waɗanda suka raba dabarar mulki kashi biyu. Akwai ta zalunci, wadda shari'a ta hana. Akwai ta adalci, wadda ke ƙwato hakki daga hannun azzalumi. Mai mulki ba shi da ikon ƙirƙiro hukunci don son ransa ya ce dabarar mulki ce.

Malaman nan sun kuma raba waɗanda a ke tuhuma kashi uku. Wanda aka san shi da kirki, ba a taɓa shi don an yi masa ƙazafi kawai. Wanda ba a san halinsa ba, a iya tsare shi har a bincika. Wanda ya yi ƙaurin suna wajen ɓarna, a iya tsananta masa. Manufar ita ce kada a kama mutum haka kawai don wani mai ƙarfi ya nuna shi da yatsa.

A nan sai mu faɗi gaskiya. Littattafan zamanin sun yarda a bugi mutumin kashi na uku don ya faɗi gaskiya. Wannan ƙofa ce mai haɗari, gama wanda ya sha bulala ya kan amsa laifin da bai yi ba, kuma mugun suna ba shaida ba ne. Dokar Nijeriya ta 2017 ta hana azabtar da kowa, ko mene ne sunansa a gari. Haka nan dokokin da Malam Abdullahi ya bi ba su hana bauta ba, sai dai sun hana bautar da wanda shari'arsu ta ce ɗa ne. Ba su kuma daidaita Musulmi da wanda ba Musulmi ba a kowane abu. Akwai masu karatu da yawa da kakanninsu suka sha wuyar hare-haren da suka biyo bayan yaƙe-yaƙen nan, ba kuwa za a ce su manta ba. Mutum ɗan zamaninsa ne. Abin da za mu auna shi da shi, shi ne ko ya riƙe ma'aunin da ya sani da gaskiya, ko da ma'aunin ya kā da nasa.

Zaman Boɗinga

Bai kai Makka ba. Ya komo gida, ya ci gaba da aikinsa. A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta fāɗi, aka kashe Yunfa. Ba da jimawa ba Shehu ya koma Sifawa da zama, Abdullahi kuwa ya zauna kusa da shi a Boɗinga, kimanin mil 15 daga Sakkwato. Wajen 1812 Shehu ya raba aikin riƙon ƙasa. Ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma.

A shekarun nan aka yi wata jayayya tsakanin wa da ƙane, amma da alƙalami aka yi ta. Abdullahi ya ƙi yarda a riƙa kiran shugabannin jama'a da sunayen sarautar dā. Ya ƙi kaɗe-kaɗen fada da tufafin alfarma. Yana ganin in aka komo da sunan, halin ma zai biyo baya, har mulki ya zama gado. Shehu ya amsa a cikin littattafansa, musamman Najmul Ikhwani, cewa suna ba shi ne abin dubawa ba, aiki ne, kuma inda malamai suka saɓa bai kamata a tsananta wa mutane ba. Abdullahi ya rubuta nasa ra'ayi a Liya'us Sulɗani. A ciki har ya saɓa wa wansa a kan Musulmin da ya taimaki abokan gāba. Shi yana ganin mai yin haka mai saɓo ne, ba lalle ya fita addini ba. Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce, gama a zamanin nan wanda aka yanke wa hukuncin fita addini, dukiyarsa da 'yancinsa sun shiga haɗari.

Abin lura shi ne, ba wanda ya ɗaure wani saboda wannan saɓani. Waziri ya gaya wa shugaba bai yarda ba, ya rubuta, almajirai suka kwafa, shugaba ya ba da amsa a rubuce. Ladabi bai hana faɗin gaskiya ba, faɗin gaskiya kuma bai yanke zumunci ba. A wannan zamani ne kuma ya yi babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wanda ya gama wajen 1816.

Ƙofar Sakkwato da Kalambaina

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817. Mutane da yawa sun zaci Abdullahi zai gaje shi, gama shi ne babba a shekaru da ilimi. Ana ba da labari cewa da ya ji rasuwar ya hau daga Boɗinga, amma ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ya juya ya koma. Abin ya yi masa zafi, har aka yi 'yan shekaru ba ya shiri da ɗan wansa. Amma bai tara runduna ba, bai kuwa nemi raba daula da takobi ba, ko da ya ke yana da mutane da magoya baya.

Ana cikin haka Malam Abdussalami, mutumin Gimbana, ya yi tawaye a Kware. Cikin abin da ya yi kuka da shi har da rashin adalci wajen rabon ƙasa. Bello ya ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya mutu da raunin da ya samu. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka matsa wa Abdullahi. Wajen 1820 Bello ya zo da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. Ana ba da labari cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Da haka saɓanin ya ƙare.

Mai karatu ya duba yadda duniya ta ke. Mutanen da aka fara rikici da Gobir don a kwance su daga igiya a 1803, su ne aka yaƙa a Kware da Kalambaina. Kafa mulkin adalci ya fi kā da azzalumi wuya.

Ƙarshen kwanakinsa

Bayan Kalambaina Malam Abdullahi ya janye jikinsa daga yawancin harkokin mulki. Ya bar su a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari na Tambuwal, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu. Littattafansa da waƙoƙinsa sun kai wajen ɗari, a kan tafsiri da fiƙihu da nahawu da mulki da gyaran zuciya. Ya rasu wajen 1829, aka binne shi a Gwandu.

Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma wani ɗansa, Halilu, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858. Har wa yau zuriyarsa ce ke sarautar Gwandu, fadarsu kuwa tana Birnin Kabi, ana kiranta da sunansa. Mutumin da ya yi gargaɗi kada mulki ya zama gado, ga shi gidansa ya zama gidan sarauta. Tambura da algaitu da ya ƙi sun komo fada. Gaisuwa ma ba ta mutu ba. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna aiki a ƙarƙashinsu, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e.

Abin da za mu ɗauka

Waɗansu abubuwan da Malam Abdullahi ya koyar suna nan a dokokin Nijeriya da wata kama. Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta wa masu riƙe da muƙami su bayyana dukiyarsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata sa'ad da suka kama aiki da sa'ad da suka sauka. Tun 1975 akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aikinta ya yi kama da na mai duba ƙarar zalunci. Sashi na 36 na Tsarin Mulki ya ce wanda a ke tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Sashi na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu cikin kwana biyu. Duk da haka fiye da rabin waɗanda ke gidajen yarin ƙasan nan jiran shari'a su ke yi, ba a yanke musu hukunci ba tukuna.

Ashe rubuta doka mai kyau ba shi ne ƙarshen aiki ba. Malam Abdullahi ya rubuta tasa da kyau, tun yana da rai kuwa ya ga ana taka ta. Doka tana bukatar mutanen da za su tsaya mata, musamman ran da mai laifin ɗan'uwansu ne, ko ɗan garinsu, ko wanda suka zaɓa da hannunsu.

A cikin masu karanta wannan labari akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda, da magatakardan kotu, da masu unguwa, da ma'ajin ƙungiya. Kowannensu yana riƙe da wata 'yar amana. Sai kowa ya tambayi kansa tambayoyin da wannan malami ya yi wa sarakunan zamaninsa. Mai rauni yana iya zuwa wurina ba tare da ya riƙo kome ba? In aka ƙirga abin da na mallaka kafin in kama aiki da abin da na ke da shi yau, zan iya bayyana bambancin? In na ga nawa yana zalunci, ina faɗa masa, ko kuwa sai na wani na ke gani? Wanda ba ya riƙe da kome kuma, yana da bakin da zai tambayi waɗanda ya ɗora a kan kujera, cikin ladabi ba da tsoro ba, kamar yadda ƙane ya tambayi wansa tsakanin Boɗinga da Sifawa.